Ja-gefe da Autarsa

Litinin, da hantsi

Ɗakin Baba a buɗe yake tun jiya. Yaya ya zo da mota zai kai shi gidansa, ya kwashi kayansa: jaka ɗaya, rediyo, da ledar magunguna. Ni ina kicin ina wanke tukunyar da na riga na wanke. Na ji ƙarar sandarsa a kan tayil, na ji jan ƙafar, na ji an rufe ƙofar mota. Ban fito ba.

Ya bar kofinsa a kan taga.

Na aika wa shugaban makaranta cewa kaina ke ciwo. Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya.

Litinin, da yamma

An dawo da Tsallake daga ɗakin taron makaranta, a bayan motar ɗaukar kaya.

Bari in rubuta kamar mai yi wa baƙo bayani, tunda bayani shi ne abin da na iya, kuma shi ya ja mini. Tsallake nahiya ce da babu ita a duniya. Ni mai koyar da ilimin halittu, da ƙawata Mai Fenti, malamar zane a makarantarmu, mu muka gina ta a kan faffaɗan katako, shekara da shekaru muna ƙari. Wasa ne na "da a ce". Da a ce wata ƙasa ta ɓalle ta yi nisa cikin teku, ba kowa a kanta sai akuya, zabo, jemage, ƙadangare da tarwaɗa, aka bar su shekaru miliyoyi, me jikokinsu za su zama? Ni ke kawo dalili, ita ke kawo kama da launi, yumɓu kuma mu murza tare.

Akwai duwatsu na takarda da gam a tsakiya, su ke tare hadari. Gabas dausayi ne, yamma kuwa fili ne fetal, sai ƙaya. Muna da zabon dutse mai girman jaki, wanda ya manta da tashi. Muna da tarwaɗar da ke binne kanta a laka har ruwa ya dawo. Muna da jemagen ƙasa, wanda ya naɗe fukafukai yana farauta a kan gwiwar hannu.

A hanya wani dutse ya karye, zabo ɗaya ya rasa kai. Komai ya sami tabo, ban da abin da na so ya farfashe. Yana nan a yamma, ko ƙwarzane babu.

Maigida ya tsaya riƙe da gefen katakon ya ce, "A shigar da shi ɗakin ne, tunda yanzu ba kowa?"

Ɗakin na Tsallake ne da can, kafin ɓarin jikin Baba ya shanye mu dawo da shi wurinmu. Sau nawa na wuce ta baranda na ga ƙura a kan duwatsuna na yi tsaki a ciki? To, ga ɗakin nan an ba ni.

Na ce a bar shi a baranda.

Talata, da azahar

Ban je gidan Yaya ba.

Laraba, bayan tashi daga makaranta

Na koma aiki. Da ma ban koma ba. Ɗakin malamai kowa sai yabon baje kolin Asabar yake, wai iyaye sun ji daɗi, wai ba a taɓa cika ɗakin taro haka ba. Malamin lissafi, wanda ko gaisuwa sai an roƙa yake amsawa, yau shi ne da fara'a: "Malama, don Allah sake yi mana tafiyar nan. Matata har gida tana dariya." Ya yi gyaran murya sau biyu, ehem-ehem, irin yadda na yi. Bai ma iya ba. Ni na iya, don kullum a kunnena take.

Na ja Mai Fenti zuwa bayan ɗakin gwaji na ce, "Zan cire shi daga kan katakon."

Ta ce, "Da hannu?"

"Da me kike so in cire shi, da haƙori?"

"Doka ta uku."

Dokokin Tsallake uku ne, kuma ni uwar iyayi ni na kafa su. Kowace dabba sai an san kakanta. Kowace siffa sai an san amfaninta. Abin da aka ɗora a kan katako kuwa ba a ɗauke shi da hannu, in zai ƙare sai dai wani dalili na cikin ƙasar ya ƙarar da shi. Na taɓa hana Mai Fenti cire wani ƙadangarenta mai muni, sai da ta yi wata guda tana ƙirƙiro masa annoba.

Ta ce, "Ranar da kika kawo shi na tambaye ki doka ta biyu. Me ya sa 'yar take ɗaukar tsohon? Kika ce za ki kawo dalili daga baya."

Na ce, "Kin san ko waye, ashe."

"Ina zuwa gidanku fa."

Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Alhamis, da safe

Yaya ya kira. "Auta, wai me ya faru ne? Na tambaye shi ya ce iska kawai yake so ya canza. Kun yi faɗa?"

Na ce ba mu yi faɗa ba. Wannan ma ba ƙarya ba ce.

Gidan Yaya a saman bene yake, matakala ce ƙunci guda. Su biyu suka ɗauke shi suka hau da shi. Ke nan ba saukowa, ba zaman ƙofar gida, ba tafiyar safe da likita ya ce kada a fasa. Yaya kuma aikinsa na tafiye-tafiye ne, matarsa tana shago har yamma.

Matar ta karɓi wayar tana yaba shi. "Wallahi Baba ba shi da wahala ko kaɗan. Ba ya neman komai. Sai na tuna na kai masa."

Baba ne fa. Mutumin da in yana son ruwa sai ya yi ehem-ehem, ya jira, sannan ya ce, "Uwata, ɗan ba ni ruwa." In rediyo ya kauce, ehem-ehem. In ƙuda ya dame shi, ehem-ehem. Yanzu ba ya neman komai.

Juma'a, da la'asar

Na aika wa yammacin Tsallake fari. Na zauna a baranda na tsara shi tsaf: igiyar ruwan teku ta juya, hadari ya daina ƙetare duwatsu, rijiyoyi suka ƙafe na shekara dubu.

Sunansa ja-gefe. Jikan akuya ne, ɗan ƙarami, mai kauri a kafaɗa. In namijin ya tsufa ƙafarsa ta hagu ta baya sai ta bushe, ya riƙa jan ta, kansa a karkace. Daga nan sai ya jingina da autar 'ya'yansa mata, ya ɗora haɓa a bayanta, duk inda za ta da shi. In yana son abu yana gurnani sau biyu.

Na rubuta wannan yanzu, na karanta, fuskata ta yi zafi ni kaɗai a baranda.

Farin bai yi aiki ba. Garke zai gudu gabas neman ruwa, tsoho ba zai iya hawan dutse ba, shi ke nan. Amma ita ma ba za ta hau ba, tunda haɓarsa na bayanta. Fari ba ya zaɓe, su biyu yake ci.

Asabar

Ban je ba. Na goge ƙurar ɗakinsa, na wanke kofin, na mayar kan taga.

Asabar, da yamma

Lokacin da aka fara fitar da Tsallake baranda, nan Baba ya mayar wurin zamansa. Tsohon direban babbar mota ne, ba garin da bai kwana ba. Ya ƙare wa katakon kallo ya ce, "Uwata, wannan wace irin ƙasa ce? Ba titi, ba tasha, ko mai shayi babu?" Na ce ai ba mutane. Ya ce, "Shi ya sa ta zauna lafiya."

Shi ke riƙe mana dabbobi a hannunsa mai lafiya har fenti ya bushe. Ya haddace dokokin uku, har yana kama Mai Fenti da laifi. Shi ya ce jemagen ƙasa ya cika nauyi a gaba, in ya sha kwana da gudu sai ya kife. Muka ƙara masa jela.

Duk dabbar da ke kan katakon nan ta bi ta hannunsa. Ja-gefe kaɗai na ƙera a makaranta, na bar shi a kabad har ranar taro.

Ke nan na sani. Duk kwanakin nan ina ce wa kaina tsautsayi ne, bakina ne ya kufce. Baki ba ya murza yumɓu.

Lahadi, da hantsi

Na je. Na tsaya a ƙasan matakala da kofin a jaka. Ina jin rediyonsa daga sama. Wata maƙwabciya ta fito da bokiti ta ce, "Wa kike nema?" Na ce na ɓata gida ne.

Talata, bayan tashi

Na gwada mafarauci. Na ce wa Mai Fenti a bar jemagen ƙasa ya ƙetaro yamma.

Ta ce, "To, ya ƙetaro. Wa zai fara kamawa?"

"Mai jan ƙafa."

"Da wa yake tafe?"



Ta ajiye burushi ta ce, "Ke kika manna su da gam, ƙawata. Na ga ma siririn ƙarfe kika sa daga haɓarsa zuwa bayanta. Duk abin da kika aika masa sai ya bi ta kanta. Ki bar wahalar da dabbobin mutane, ki hau benen nan."

Na ce benen ba nata ba ne, uban ma ba nata ba ne. Ta ce gaskiya ne, ta ci gaba da gyara kan zabo.

Laraba, da magariba

Na huce a kan Maigida, bawan Allah. Abinci yake ci na faɗa masa. Na ce wa ya aike shi? Wa ya ce ya kawo shi wurin taron ba tare da ya gaya mini ba? Na ce duk shi ya ja.

Ya wanke hannu tukuna, sannan ya ce, "Shi ya roƙe ni. Tun ranar Alhamis kafin taron ya sa na goge masa rigarsa mai ruwan toka. Ya ce kar in faɗa miki, so yake ki ɗago kai ki gan shi."

Na ce ya isa.

Bai isa ba. "Mun iso kina kan zabon dutse. Ba kujera, muka tsaya bakin ƙofa. Yana ta taɓa na kusa da shi yana cewa, 'Yata ce, autata.' Har kika zo kan wancan."

Har na zo kan wancan. Mutane sun fara gajiya, na ga wani yana duba waya. Sai na ajiye sandar nuni, na karkatar da kai, na ratsa dandamali daga wannan gefe zuwa wancan ina jan ƙafar hagu. Ɗakin ya ɗauka. Da na ji daɗin dariyar sai na ƙara da gurnanin.

Na ɗago kai, na gan shi.

Maigida ya ce a mota, sai da suka kusa gida Baba ya ce, "Ta iya bayani."

Alhamis

Ban je ba. Ban je ba. In na rubuta sau ɗari ma ba zai zama zuwa ba.

Juma'a, da azahar

Ya faɗi a banɗaki. Matar Yaya ce ta kira. Tun hantsi yake zaune a ƙasa har ta dawo duba shi. Yaran maƙwabta na wasa a bakin ƙofa, da ya ɗaga murya da sun ji. Ta ce, "Baba, me ya hana ka kira?" Ya ce bai so ya dami kowa ba.

Ba karaya, sai gwiwa da ta kumbura. Ƙafar ce dai ta ƙara nauyi, don ba ya taka ta.

Me na yi? Na ba Maigida man zafi da bandeji na ce ya kai. Ni 'yarsa, na aika miji.

Juma'a, da yamma

Maigida ya dawo da saƙo. "Ya ce ki kawo masa dabbar. Ya ce daga bakin ƙofa bai gan ta sosai ba."

Asabar, da safe

Na kira Mai Fenti na ce zan karya doka ta uku. Ta ce, "Aro ne, ba cirewa ba. Ɗauki."

Sai muka zauna a waya muna haɗa dalilai, ko zai tambaya. Tsoho ya san inda ruwa yake a shekarar fari. Tsoho yana jin ƙanshin mafarauci tun daga nesa. Tsoho yana gadin ƙanana in garke na kiwo. Duk suna da kyau, ko a jarrabawa zan ba su maki. Na sa wuƙa a hankali na ɓamɓaro su biyun daga katako, na naɗe a hankici.

Lahadi, da yamma

Na hau.

Yana zaune a bakin gado, ƙafar a kan matashi. Ya rame. Na durƙusa na gaishe shi, ya ce, "Sannu da zuwa, Malama." Tunda aka haife ni bai taɓa kirana haka ba.

Na miƙa masa hankicin. Ya buɗe da hannu ɗaya, ya ɗaga su wajen hasken taga, yana juyawa yadda ya saba in yana jiran fenti ya bushe.

Ya ce, "Kin iya. Har kafaɗar."

Na fara, "Baba, don girman Allah..."

"Tsaya. Tafiyata ai na san ta, kullum ina jin ta a kan tayil. Ta ba ni haushi kafin ta ba kowa dariya. Na ji zafi, ba zan ce ban ji ba. Amma ba shi na aika a kawo mini ba."

Ya ɗora babban yatsa a kan 'yar. Ni kaina ban taɓa kallonta da kyau ba. Haƙarƙarinta a waje, wuyanta ya lanƙwashe, bakinta na miƙe wajen ciyawar da ba ta kai ba. Ban tuna na yi mata haka ba, amma hannuna ne.

Ya ce, "Bayan an gama dariya kin ƙara magana. Kin ce garke na wucewa, ita tana baya. Kin ce ba ta kaiwa inda ciyawa take. Wannan da kika faɗa ba ki yi dariya ba."

Na kasa ɗaga kai.

"Shi ya sa na sauka daga bayanki."

Duk kwanakin nan ina zaton fushi ya yi. Na shirya wa fushi, na haddace ban haƙuri kala-kala. Wannan ban shirya masa ba.

Na ce, "Baba, ka dawo gida."

Ya ce, "Doka ta biyu. Me ya sa take ɗaukarsa?"

Na ce tsoho ya san inda ruwa yake.

"Ni da ban san inda na bar kofina ba?"

Na ce yana jin mafarauci daga nesa.

"Rediyon nan ma sai na kai shi kunne. Malama, na yi shekaru ina jin ƙaryar yaran mota. Ki kawo wata."

Ta ukun ta maƙale. Na ce, "Ba ni da dalili, Baba. Na gaji, gaskiya ne. Na gaji ƙwarai, na ji kunyar faɗa maka, sai na je na faɗa wa ɗaki guda na baƙi. Ga shi ka sauka, kuma ban ci ciyawar ba. Ko ɗakin na kasa shiga."

Rediyo na ta karanta farashin kaya. Matar Yaya ta leƙo ta koma. Ina durƙushe har ƙafata ta yi sanyi, shi kuma yana shafa wuyan 'yar da yatsa kamar zai miƙar da shi.

Sai na ji. Ehem-ehem.

Ya jira, yadda ya saba.

"Uwata, ɗan ba ni ruwa."

Na ciro kofin daga jaka. Rabin ruwan a rigarsa ya ƙare.

Litinin, da hantsi

Yaya ya kira. Baba ya ce a zo a sauko da shi ranar Laraba, amma da sharaɗi. Duk Asabar Yaya zai zo gidanmu ya zauna da shi, ko yana so ko ba ya so. Yaya ya ce, "Wai in gaya miki, ranar ki fita kiwo. Auta, kiwon me kuma? Kin sayi awaki ne?"

Dabbar ya ƙi bayarwa. Wai sai an gyara mata wuya a gabansa, shi zai riƙe har fenti ya bushe.

Na yi dariya har Yaya ya kashe waya. Sannan na shiga kicin, na tsaya a kan tukunyar nan, na daɗe ina wanke ta.